Waƙa ma tana son rumbu

Da yawa daga waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Musa Ɗanƙwairo a kaset suka iso mana. Yau suna zaune a katin memori da aka ɗura wajen masu tura waƙa a Kwanar Ɗangora ko kasuwar Tudun Wada. Katin nan ba ya sallama ranar da zai mutu. YouTube kuma gidan aro ne, mai shi na iya sauke waƙa duk ran da ya ga dama.

A ganina, duk mai tarin waƙoƙi ya kamata ya kafa rumbunsa a gida: ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi da ba a kashe ta, da ma'ajin terabait 1, da manhajar kyauta kamar Jellyfin. Kowace waya a gidan sai ta jawo waƙa ta Wi-Fi, ba sai an sayi data ba.

Za a ce ina wutar? Tambaya ce mai nauyi, ko a Bebeji da ke maƙwabtaka da madatsar Tiga. Amma na'urar wajen wat 5 take ci, wato wat-awa 120 a yini da dare, abin da ƙaramin faifan sola da batir ke ɗauka. Ƙurar hunturu da zafin bazara sun fi ba ni tsoro, don haka a ajiye kwafi na biyu a gidan ɗan'uwa.

Aikin da ke cin rai shi ne rubuta sunan kowace waƙa da mawaƙinta da wanda aka yi wa ita, tun dattawan da suka san amsar suna raye.