In Kwamfutar Ofis Ta Sandare

Duk wanda ya saba shiga ofisoshin Minna a ƙarshen wata, tun daga Chanchaga har Bosso, ya san wannan hali. Akawu ya wuni yana shirya takardar albashi, saura ƙiris ya gama, sai kwamfuta ta sandare. Ya danna, ya sake dannawa, ko gezau. Ga masu jiran haƙƙinsu a bakin ƙofa, ga masinja yana zarya daga wajen maigida. Sau da yawa sai zuciya ta ɗebe shi ya fizge waya daga bango, aikin wuni guda ya bi ruwa. Alhali kuwa da ya yi haƙuri ya bi abin daki-daki, da bai yi asara ba.

Da farko ya dakata kamar minti biyar, don sau tari na'urar ba mutuwa ta yi ba, aiki ne ya yi mata yawa. Sa'an nan ya duba wayar linzami da ta allon rubutu, ko ɗaya ta zare. Bayan haka ya danna Caps Lock. In ɗan hasken nan ya kama, to, da sauran numfashi. Sai ya haɗa Ctrl da Alt da Delete ya danna tare, ya buɗe Task Manager, ya rufe manhajar da ta maƙale ita kaɗai. In duk wannan bai yi ba, sai ya danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10 har ta mutu, ya sake kunna ta. Manhajar Word takan ajiye kwafin aiki da kanta kowane minti 10, watau akwai fatar a samo mafi yawansa.

To, amma rigakafi ya fi magani. Ƙurar hunturu takan toshe fankar cikin na'ura, zafin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da ita haka. In ta ɗau zafi sai ta rage gudu, ko ta mutu gaba ɗaya. A sa mai gyara ya buɗe ta ya hure ƙurar, a kuma janye ta daga jikin bango ta sha iska.

Sai batun lantarki. Jihar Neja ce ke da madatsar Kainji ta 1968, da ta Shiroro ta 1990, amma wutarsu cikin babban layin ƙasa take shiga, ofishin Chanchaga kuwa rabonsa yake samu kamar kowa. Ɗaukewar wuta ba zato takan lalata fayil, don haka na'urar UPS wajibi ce, a kuma canja batirinta in ya gaji.

Har wa yau, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 2020, Windows 10 kuwa a Oktoba 2025. Ofishin da ke riƙe da albashin jama'a a kan irin waɗannan ya kamata ya sake shawara.

Akawu kuwa, ya riƙa danna Ctrl da S kowane shafi, ya ajiye kwafi a filashi kafin ya tashi. Allah Ya kiyaye mai iyali daga jiran albashi saboda ƙura.