Wasa Ɗaya a Shekara Bai Isa Ba

Mai karatu, yaushe rabonka da zama a gaban dandali ka kalli wasan kwaikwayo ido da ido da 'yan wasa? Idan makarantarku irin yawancin makarantunmu ce, tun ranar rabon kyaututtuka ta bara ke nan. A ranar aka ba ƙungiyar wasan kwaikwayo minti goma sha biyar tsakanin jawabin shugaban makaranta da na babban baƙo. Aka yi dariya, aka tafa, sannan aka naɗe labule aka ajiye a sito sai baɗi. A ganina wannan bai isa ba. Ya kamata kowane gari, har ma kowace babbar unguwa, a sami ƙungiyar wasan kwaikwayo ta mutanen wurin, wadda ke da kakar wasa tata. Masu son ƙwallon ƙafa sun san wannan kalma. Abin da nake nufi shi ne lokaci tsayayye a kowace shekara, wanda za a jera wasanni uku ko huɗu a cikinsa, wasu na zance zalla, wasu kuma masu waƙa da kiɗa da rawa.

Kada ka ɗauka wannan baƙon tsari ne da aka aro daga Turai. A ƙasar Hausa akwai tashe. Idan watan azumi ya kwana goma, sai yara su fito da dare bayan an sha ruwa, maza rukuninsu daban, mata nasu daban, suna bi gida-gida. Wani yaro ya manna gemun auduga ya dogara sanda ya zama tsoho. Wani ya rataya layu da saiwoyi ya zama Jatau mai magani. 'Yan mata su yi wasan Mairama da Daudu, inda ake nuna wa amarya yadda ake zaman aure. Kowane wasa da waƙarsa da amshinsa, masu gida kuma su ba da hatsi ko kuɗi. Ba wanda yake buga takardar gayyata, domin kowa ya san lokacin. Sanin lokacin nan yana cikin abubuwan da suka raya tashe har yau. Haka kuma Tibabe na jihar Binuwai suke da wasansu na kwagh-hir, mai 'yar tsana da labari da waƙa, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2019.

Me ya sa na nace a kan jerin wasanni, ban gamsu da guda ɗaya ba? Dalili na farko shi ne ƙwarewa. Ɗan wasa a gaban jama'a yake koyon aikinsa. A daren farko muryarsa tana rawa, yana juya wa 'yan kallo baya, yana faɗin maganarsa tun kafin dariya ta lafa. Sai a wasa na uku yake sanin inda zai tsaya da lokacin da zai yi shiru. Wanda yake hawa dandali sau ɗaya a shekara kullum sabon shiga ne. Haka abin yake ga telan da ke ɗinka kayan wasa, da kafintan da ke haɗa dandali, da mai kalangun da zai san lokacin shiga da lokacin tsayawa.

Dalili na biyu shi ne 'yan kallo. Zuwa kallo sabo ne, sabo kuwa sai da maimaici. Idan mutanen gari suka san cewa kowace Asabar ta watan Agusta akwai wasa a filin makaranta, za su tsara harkokinsu a kan haka. Wanda ya zo makon farko zai ba maƙwabcinsa labari, su zo tare a mako na biyu.

Dalili na uku, wanda ya fi nauyi a wurina, shi ne jigo. Idan wasa ɗaya kawai za a yi, dole ya faranta wa kowa rai, saboda haka sai a koma ga barkwanci. Amma idan huɗu ne, akwai wurin barkwanci, akwai wurin tarihi, akwai wurin wasan waƙa, akwai kuma wurin wasan da zai taɓa abin da ke damun jama'a: famfon da ya yi shekara bai kawo ruwa ba, ko shaye-shayen matasa, ko yarinyar da aka cire daga makaranta. Marubutan Hausa sun daɗe suna wannan aiki. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa don koyar da tsafta da kiwon lafiya. Shu'aibu Maƙarfi ya fito da Jatau Na Kyallu a 1960, labarin attajirin da ya ƙi jin shawara a kan aure har dukiyarsa ta salwanta. Umaru Ɗanjuma Katsina ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna a 1979, a kan mai kuɗin da ke yaudarar 'yan mata 'yan makaranta. A ƙarshen shekarun 1970 kuma malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka riƙa fita ƙauyuka irin su Soba, suna sauraron koken manoma, suna mayar da shi wasa, su nuna shi a gaban masu koken, sannan a zauna a tattauna.

Wasu suna ganin waƙa a cikin wasa ado ce kawai. Tarihin Hubert Ogunde ya nuna ba haka ba ne. Wannan mutum ya yi aikin koyarwa, ya yi aikin ɗan sanda, sannan ya nuna wasansa na farko a Legas a 1944, ya kuma kafa ƙungiyar da ta riƙa yawo gari-gari da 'yan wasa da makaɗa. A 1964 ya fito da Yoruba Ronu, wasa mai waƙa da ya soki rikicin shugabannin Jihar Yamma. Gwamnatin yankin ta hana ƙungiyarsa wasa, ba a ɗage hanin ba sai a 1966. Da ado ce kawai, da ba wanda ya damu. Dogon jawabi yakan tsaya a dandali, amma waƙa tana bin mutum gida, gobe ka ji ta a bakin mai tallan ƙosai da ɗan acaɓa. Har yanzu ma jama'a suna son irin wannan wasa. A 2013 Bolanle Austen-Peters ta shirya Saro a Legas, labarin samari huɗu mawaƙa da suka baro ƙauye neman sa'a a birni, mutane kuwa suka sayi tikiti suka shiga. Sai dai ba kowa ne yake zaune a Legas ba, ba kowa ne kuma yake da kuɗin irin wannan tikiti ba. Shi ya sa ake bukatar ƙungiyar unguwa.

Na san abin da za ka ce: ga fim, ga waya a hannun kowa, wa zai je ya zauna a benci? Ban raina fim ba. Amma ka lura, an shirya fim ne don miliyoyin mutane, don haka ba zai ambaci kwatar da ta toshe a bayan kasuwarku ba. Ka kuma tuna cewa fim ɗin ma daga dandali ya tsiro. Turmin Danya, wanda ake lissafawa a farkon finafinan bidiyo na Hausa, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi shi a Kano a 1990.

Za ka kuma ce babu kuɗi. Gaskiya ne babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu a Legas, wanda aka kammala a 1976 don bikin FESTAC na 1977, ya ci dukiya mai yawa. Amma ɗakin wasan jami'ar Zariya da ƙasa aka gina shi, ginin gargajiya, an kuma horar da 'yan wasa masu yawa a cikinsa. Filin makaranta ya isa. Idan aka fara da ƙarfe huɗu na yamma, ba a bukatar janareta. Benci daga aji, tufafi daga gida, ganga daga maƙwabta, ɗan kuɗin shiga kaɗan a hannun ma'aji amintacce mai rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai damuwar iyaye, ita kuwa ba abin wasa ba ce. Suna tsoron kada karatu ya sha kashi, suna kuma tsoron inda 'ya'yansu za su riƙa zuwa. Maganin wannan shi ne a sa kakar wasa a cikin dogon hutu, a yi gwaji da rana a fili, tare da malami ko wani dattijo da aka yarda da shi. Amma akwai wani haɗari da ba a cika ambata ba, wato wasan da ke neman dariya ta hanyar muzanta wata ƙabila: Bahaushe kullum mai gadi ne da bai iya Turanci ba, wane kullum mai son kuɗi, wane kullum mai hayaniya. Irin wannan dariya tana da arha, amma tana barin miki a zuciyar maƙwabci. Ƙungiyar da ke son ta daɗe a garin da ƙabilu suka cakuɗa dole ta guje mata.

A nan ne maganar ta zo kanka, kai da kake koyon Hausa a Ibadan ko Inugu ko Fatakwal. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuwo da shi rubutunsu ɗaya ne. Haka kukan da yaro ke yi da kukar da ake miya da ita. Littafi zai gaya maka akwai bambanci, amma a dandali ne bakinka zai saba da shi, domin idan ka kuskure, 'yan kallo za su gyara maka nan take da dariya. Waƙa kuma ta fi komai dasa lafazi a harshe. Saboda haka ina ba da shawara a cikin wasanni huɗun nan a keɓe ɗaya na Hausa, a gayyato Hausawan garin, ko na Sabo ne a Ibadan, ko na Agege a Legas, ko na Ama Hausa a Owerri. Ku roƙi wani daga cikinsu ya zo gwaji ya gyara muku lafazi, ku kuma nemi mai kalangu a wurinsu. Mutumin da ya ga ɗan wata ƙabila ya tsaya a gaban jama'a yana magana da harshensa cikin girmamawa ba zai manta da ranar ba.

Abin da ya rage shi ne a fara. Ka nemi abokai goma, maza da mata, da malami ɗaya. Ku zaɓi wasanni uku: ɗaya daga littafi, ɗaya da za ku tsara da kanku a kan wata matsala ta unguwarku, ɗaya kuma mai waƙa. Ku tsayar da ranaku tun yanzu, ku rubuta su a allo a ƙofar makaranta, ku kuma kai wa mai unguwa da shugabannin masallaci da coci sanarwa. Wataƙila a ranar farko benci uku kawai za su cika. Ku yi wasan kamar filin ya cika maƙil, sannan kafin a watse ku faɗa wa jama'a sunan wasan Asabar mai zuwa.