Sharhi: Jirgin ƙasa ya daina bi, amma ba su bari an yanka hanyar ba

Tsakanin birnin Pittsburgh na jihar Pennsylvania da garin Cumberland na jihar Maryland a Amurka, akwai wata hanya mai tsawon kimanin kilomita 240 wadda mota ba ta hawa, babur ma ba ya hawa. Ta masu keke ce da masu tafiya a ƙasa. Sunanta Great Allegheny Passage.

Daga Cumberland kuma wata hanyar ke karɓa, mai kusan kilomita 297, ta bi gaɓar kogin Potomac har cikin birnin Washington. Ke nan mutum zai tuƙa keke sama da kilomita 530, tafiyar kwana biyar ko shida, ba tare da wata tirela ta matse shi gefen kwalta ba, in ka cire wuraren tsallaka titi da 'yan gajerun ratse a cikin garuruwa.

Wanda ya ga hotunan wurin zai ce ai wannan shagalin masu kuɗi ne. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Sai dai abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda aka yi filin da hanyar ke kai ya tsira a dunƙule, domin a nan aikin yake.

Yankin na tsaunuka ne da koguna. Hanyar tana tashi daga inda kogunan Allegheny da Monongahela suka haɗu a tsakiyar Pittsburgh, ta bi Monongahela, ta koma gaɓar Youghiogheny, sannan Casselman, tana hawa a hankali har ƙololuwar da ta kai kusan mita 730 daga doron teku. Amma duk da tsaunukan, babu inda hawan ya kai mita 2 a cikin kowace mita 100. Dattijo zai hau, yaro ma zai hau.

Dalili kuwa shi ne tun asali ba don keke aka fasa ta ba. Layin dogo ne. Jirgin da ke jan taragun kwal ba ya iya hawa tudu mai tsini, don haka injiniyoyin wancan zamani suka bi kwaruruka, suka gina dogayen gadoji, inda dutse ya tare su kuma suka huda shi. Ramin Big Savage kaɗai ya kai kusan kilomita 1 a cikin tsauni, gadar Salisbury kuma ta haura mita 500. A yau babu gwamnatin da za ta kashe irin wannan dukiya don masu keke. Sun gada ne kawai.

A tsakiyar shekarun 1970 kamfanin jirgin Western Maryland ya daina amfani da layinsa na wannan yanki. A 1978 wata ƙungiyar kare muhalli ta yammacin Pennsylvania ta sayi kashi na farko na filin. Sai a 1986 aka buɗe 'yan kilomitocin farko kusa da ƙauyen Ohiopyle. A 1995 ƙungiyoyin 'yan sa-kai na garuruwan da ke kan layin suka haɗe kansu wuri guda, kowacce na riƙe da nata kashin. An isa Cumberland a 2006. Ba a kammala ba sai a watan Yunin 2013, shekara 35 da sayen filin farko, bayan an kashe kimanin dala miliyan 80.

Abin lura shi ne inda aka fi shan wahala. Mutum zai zata cikin tsauni ne. A'a, a bakin Pittsburgh ne, inda wani ɗan guntun wuri ya riga ya faɗa hannun 'yan kasuwa, ciki har da wani wurin wasan ruwa. Wannan ɗan tsakin sai da ya ci shekaru ana zaman sulhu kafin a samu wucewa. Hanya irin wannan kamar igiyar guga take: taku ɗaya ya tsinke a tsakiya, sauran tsawon ba ya kai ka ga ruwa.

Kashin da ya nufi Washington labarinsa ya ma fi daɗin ji, musamman ga mu 'yan jarida. Shi ba layin dogo ba ne, gefen wata hanyar ruwa ce da aka fara haƙawa a 1828, inda alfadarai ke bi suna jan kwale-kwalen kaya da igiya. Ambaliya ta tsayar da ita a 1924. A farkon shekarun 1950 aka kawo shawarar a shimfiɗa titin mota a kanta, jaridar Washington Post kuma ta rubuta sharhin goyon baya. Sai wani alƙalin Kotun Ƙoli, William O. Douglas, ya ƙalubalanci editocin da su zo su taka hanyar da ƙafa tare da shi kafin su yanke mata hukunci. A watan Maris na 1954 aka yi tattakin, kwana 8 daga Cumberland zuwa Washington. Kaɗan ne suka kai ƙarshe da ƙafarsu, amma jaridar ta sassauta matsayinta, titin kuma ba a yi shi ba. A 1971 aka mayar da wurin gandun tarihi na ƙasa.

Daga baya Amurkawa suka sa wa lamarin doka. A 1983 majalisar dokokin ƙasar ta amince cewa idan kamfanin jirgi zai bar layi, yana iya miƙa shi ga ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya ta mayar da shi hanyar keke da ƙafa, a matsayin ajiya. A idon doka layin bai mutu ba, saboda haka ba za a yayyanka filin a raba wa maƙwabta ba, kuma ranar da aka buƙaci jirgi ya dawo, zai dawo. Masu gonakin da ke gefe ba duka suka ji daɗi ba. Wasunsu sun ce kakanninsu jirgi suka ba wa izinin wucewa, ba baƙi masu keke ba. Magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 1990 ta tabbatar da dokar, tare da barin ƙofar neman diyya a buɗe, kuma gwamnatin tarayya ta biya mutane da dama. A ganinmu haka ya dace: a riƙe hanyar, a biya mai haƙƙi.

To me garuruwan suka samu? Waɗannan wurare ne da kwal da ƙarfe suka raya, suka kuma tafi suka bari. Connellsville, wadda ta yi suna wajen gasa kwal don masana'antun ƙarfe, yawan mutanenta ya ragu da kusan rabi daga shekarun 1940 zuwa yau. Mazauna Ohiopyle ba su kai 100 ba. Mai mota yana wuce irin waɗannan garuruwa cikin minti biyu, ko gilashi bai sauke ba. Mai keke kuwa bayan kilomita 60 ko 70 ya gaji, yunwa ta kama shi, yana neman wurin wanka da makwanci, wani lokacin da mai faci. Dole ya tsaya, dole ya taɓa aljihu. Shi ya sa tun 2007 aka kafa wani shiri na taimaka wa masu ƙananan sana'o'i a garuruwan da ke kan hanyar da rance da shawarwari.

Kada dai a zuzuta. Masauki mai ɗaki shida da shagon gyaran keke ba za su maye gurbin masana'antar da ta ɗauki dubban ma'aikata ba. Cinikin ma na lokaci ne: da hunturu ya kama ake rufe ƙofofin ramin Big Savage don kada ƙanƙara ta lalata shi, sai bazararsu ta dawo. Kuma hanyar tana cin kuɗin gyara kullum, ga zaftarewar ƙasa, ga bishiyoyi na faɗowa, yawanci kuma 'yan sa-kai ne ke fita da zarto.

Mu ma muna da irin wannan gado. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa wani siririn layin dogo daga Zariya ya hau tsaunukan Filato har Bukuru, don kwasar kuza. An kammala shi a 1914, aka rufe shi a 1957. A biranenmu kuma kowa na ganin yadda rumfunan kasuwa da gine-gine da juji ke matsowa kan layukan da jirgi ya daɗe bai bi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga.

Ba muna cewa gobe a fara tallata yawon buɗe ido a kan keke ba. Babu mai ɗaukar iyalinsa ya shiga daji a kan keke alhali mai mota ma yana fargabar masu garkuwa da mutane. A wajenmu, waɗanda za su fara cin moriyar hanyar da babu mota su ne ɗalibin da ke zuwa makaranta, da manomin da ya ɗauro buhu, da ma'aikacin da kuɗin mota ya gagare shi tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Mutanen Maiduguri, da suka koma kan keke bayan hana hawa babur a 2011, sun san abin da ake nufi da raba titi ɗaya da manyan motoci.

Abin da za a iya yi yanzu ba ya buƙatar biliyoyi. Gyaran kundin tsarin mulkin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jiragen ƙasa, wadda a da ta gwamnatin tarayya ce kaɗai. Jihohin da tsofaffin layuka suka ratsa, irin su Kaduna da Filato da Neja, za su iya zama da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya a fito da taswirori, a auna abin da ya rage, a kafa duwatsun iyaka, a kuma dakatar da ba da takardar mallaka a kan duk wani yanki na layin. Majalisun dokokin jihohin su nemi a kawo musu wannan lissafi a rubuce, kilomita bayan kilomita, tare da sunan duk wanda aka riga aka yanka wa fili a ciki.