Taswirar talauci ba ta kai ƙofar gida ba



A shekarar 2001 gwamnatin Aljeriya, da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da abin da aka kira taswirar talauci. An auna gundumomi 1541 na ƙasar ta fuskar ilimi da lafiya da muhalli da arzikin kowace gunduma, aka ware 177 da suka fi shiga ƙunci. Ba mu raina wannan aiki ba. Sai dai gunduma aka auna, gunduma kuwa a nan Kudu ƙasa ce guda. Tahifet, can cikin duwatsun Ahaggar, tana ƙarƙashin gundumar Tamanrasat, wato a kan takarda launi ɗaya aka shafa mata da tsakiyar birni mai kasuwa da asibiti da ofisoshi. A 2020 shugaba Tebboune ya sa aka ƙidaya ƙauyuka da unguwannin da ci gaba ya tsallake, aka samu kimanin 15,000. Ma'auni ya sauko zuwa ƙauye, amma bai kai ƙofar gida ba, alhali daga ƙofar gida yaro yake fita da safe.

Karatu kyauta ne a ƙasar nan, kuma tilas ne daga shekara 6 zuwa 16. Duk da haka kowace uwa ta san abin da watan Satumba yake ci: jaka, kaye, alƙalami, takalma, da rigar makaranta, shuɗiya ga maza, ruwan hoda ga mata. Kafin a farfaɗo kuma hunturu ya shigo, wanda ya taɓa kwana a Ahaggar cikin Janairu ya san yaro ba ya fita da riga guda. Gwamnati na ba da tallafin shiga makaranta ga 'ya'yan marasa ƙarfi, wanda aka ɗaga daga dinari 3,000 zuwa 5,000 a 2019, domin yara wajen miliyan 3. Kuɗin ba su da yawa, amma sun rufa asirin gidaje da dama.

Damuwarmu ita ce tallafin sai an nema. Ana cika takarda, a kawo shaidar rashin samu, a buɗe asusu a gidan waya. Bazawarar da ba ta karanta Larabci ko Faransanci, wa zai cika mata? Uban da ya bi raƙuma daji ko ya tafi haƙar zinariya, wa zai tsaya masa a layi? A Tahaggart da Gat'al Wad akwai iyalan da suka zo daga Agadas da Tawa da Damagaram, wasu 'ya'yansu ko takardar haihuwa ba su da ita, saboda haka babu rajistar da ta san da su. Akwai kuma waɗanda suka fi ba mu tausayi, masu kunyar roƙo, irin waɗanda aya ta 273 ta Suratul Baƙara ta yi nuni da su. Waɗannan gara yaro ya zauna gida da a ga sunansu a jerin mabuƙata.

Wannan taswira ta ƙarshe mu ne za mu zana ta. Muna roƙon kwamitin kowane masallaci ya zauna tun watan Yuli da malamin makaranta guda da dattijai mata biyu, domin mata ne ke shiga ɗaki su ga tukunya. Kada a tambayi mutum nawa yake samu, ba zai faɗa ba. A duba yara nawa suka isa shiga makaranta, nawa ke zuwa, wane ne ya daina, kuma tun yaushe. Wanda ya cancanci tallafin gwamnati a raka shi har ya samu. Wanda takarda ta hana, a nema masa daga asusun zakka da ma'aikatar harkokin addini ta kafa a 2003, ko daga aljihunmu.

Sharaɗi guda: littafin ya zauna hannun liman. Mun sha ganin an jera yara a tsakar rana an miƙa musu jaka ana ɗaukar hoto don Facebook, kuma mun ga yaran da suka ƙi rataya jakar bayan nan. A kai kaya gida bayan Isha'i.

A fara da 'yan matan da suka gama aji biyar na firamare bana, musamman na ƙauyukan da makaranta ta gaba take nesa, a san wadda ke da motar zuwa da wadda ba ta da ita kafin a buɗe.