Zancen Gida: Gyaran Ganin Ido

’Yan’uwa da yawa sukan sayi gida da rani, sai damina ta zo su sha kuka. Sun kai magini ya duba, ya nuna tsaga a bango da yoyo a rufi. Mai sayarwa ya ce, “Ku bar mini, zan gyara.” Ya kuwa gyara, amma gyaran ganin ido.

Dalili a fili yake. Wanda zai bar gida ba shi zai kwana ƙarƙashin rufin ba, don haka mai aiki mafi araha zai nema. A toshe tsaga da yashi mai ɗan siminti, a liƙe hujin kwano da kwalta, a shafe katakon da gara ta ci da fenti. Ruwan watan Agusta kuwa ba ya jin kunyar fenti.

Shawararmu ita ce, ku roƙa a rage kuɗin gyaran daga farashi, ku sa maginin da kuka amince da shi. In mai sayarwa ya nace shi zai yi, a rubuta kowane aiki a takarda gaban shaidu, ku riƙe wani kashi na kuɗin sai an gama. Sa’an nan wanda ya duba da fari ya komo. Ya ƙwanƙwasa bango ya ji ko shafen ya kama, ya soka ƙusa a katako, a kwarara ruwa bisa rufi a gani.

Ku kuma masu bi da ke sayarwa, ku karanta Ezekiyel sura 13, inda Ubangiji ya tsauta wa masu shafa farar ƙasa a bango marar ƙarfi. Mai saye maƙwabcinku ne, ’ya’yansa za su kwana a ɗakin nan.