A Kafa Mana Ƙungiyar Ɗaukar Hoto Tun Dawakin Suna Nan

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, akwai wata magana da na daɗe ina so in faɗa, yau kuwa da Edita ya ba ni fili sai in amayar da ita. A makarantar nan tamu muna da ƙungiyar muhawara, da ta wasan kwaikwayo, da ta matasan manoma, ga kuma 'yan ƙwallo waɗanda kullum su ake ji. Amma babu ƙungiyar masu ɗaukar hoto. A ganina ya kamata a kafa ta a wannan zango, kuma aikinta na fari ya zama bin dawakin da suka rage a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ta ɗauke su, da su da masu su da kayan hawansu.

Na san wani zai yi dariya ya ce, yau kuma wa zai koya wa wani hoto, alhali da an yi hutu kowa ga waya a hannu? Gaskiya ne. To, amma a karɓi wayar ɗayanmu a duba abin da ke ciki. Fuskarsa ce ba adadi: ga shi da tabarau, ga shi ya karkata hula, ga shi ya jingina da motar da ba ta ubansa ba. Ran da wayar ta faɗa rijiya, ko aka zare ta a kasuwa, shi ke nan, an yi asarar kome. Iyayenmu kuwa, waɗanda a zamaninsu filim guda hoto 24 ko 36 kaɗai yake ɗauka, sai kuma an kai an wanke kafin a ga abin da ya fito, har gobe hotunansu suna nan a ƙasan akwati. Don abin yana da tsada, sai mutum ya yi tunani kafin ya danna. Wannan tunanin ne ya kamata ƙungiya ta koya mana.

Dalilin da ya sa na ce a fara da doki shi ne, ƙasar nan a bayan doki aka kafa ta. Namoda, wanda garin Ƙaura yake amsa sunansa, jarumi ne daga cikin Alibawa, yana kuma cikin manyan mayaƙan da suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Sarautar Sarkin Zamfaran Zurmi da ta Sarkin Kiyawan Ƙaura duk suna da tushe a wancan zamani. Muna karanta wannan a ajin tarihi, mu haddace don jarrabawa, mu manta. Amma fa ragowar wancan zamani tana nan da ranta a bargar fada da gidajen hakimai, tana cin harawa.

Sai dai kullum raguwa take yi. Ni daga Zurmi na fito, kuma kakana ya yi doki, wani akawal wanda har yau in tsofaffin unguwarmu suka zauna hira sai sun ambace shi. Na tambaye shi, "Kaka, ina hotonsa?" Ya ce, "Ɗan nan, wa ya san za a nemi hoton doki? Ai a lokacin kowane gidan kirki da turke." Yanzu turken na nan, babur ake jinginawa a jikinsa. Ban ga laifin kowa ba, don doki sai da dawa da dusa da harawa da kanwa, ga mai yi masa ciyawa, ga mai fita da shi kilisa, a zamanin da magidanci ke fama da abin da iyali za su ci. Ga kuma rashin tsaro da ya hana mutane zuwa gonakinsu na nesa, har harawar ma ta yi wuya. Duk muna tune da watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe makarantu da kasuwannin mako-mako a jihar nan, aka kuma katse layukan waya. Kafin nan, a 2020, cutar korona ta sa an soke hawan Sallah har a Kano. Ashe abin da muka ɗauka ba ya fashi yana iya fashi.

Bari in gwada ku, 'yan ajinmu. Wa zai iya nuna mini majayi a jikin sirdi? Mene ne bambancin ragama da linzami? Ina ake shimfiɗa jalala? Wane doki ake kira kili, wanne ne danda? Na yi wannan tambaya a ɗakin kwananmu bayan an tashi daga karatun dare, aka yi ta musu har firifet ya zo ya kashe fitila. Wanda ya fi kowa sani wani ɗan Shinkafi ne, shi ma don babansa baduku ne mai gyaran sirdi. To, in baduku ya tsufa, 'ya'yansa kuma suka koma gyaran waya, wa zai gaya wa na baya sunayen nan? Hoto guda na sirdi, a rubuta sunan kowane sashe a ƙasa, ya fi shafi uku na bayani. Gani ya kori ji.

Mutanen Kano da Kaduna ba su da wannan damuwa sosai. Hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da wanda aka yi lokacin bikin FESTAC a 1977, duk an ɗauke su an adana. Hawan Kano kuwa, a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Madalla. Amma masu manyan kyamarori can suke tururuwa, ba wanda zai taso daga Ikko ko Landan don ya ɗauki mai unguwar wani ƙauye a bakin gulbin Bunsuru yana jafi da tsohon dokinsa. In ba mu 'ya'yan wurin muka ɗauka ba, ba mai ɗauka.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake gaggawa, wato hunturu. Ba sai na gaya wa ɗan makarantar kwana mene ne hunturu ba. Ƙararrawar asuba ta kaɗa, ruwan bokiti kamar ƙanƙara, wasu su shafa a fuska da ƙafa kawai su ce sun yi wanka (ba zan kama suna ba, sun san kansu). Leɓe ya tsage, faso ya buɗe, a yi ta aron basilin. Malamin labarin ƙasa ya ce ƙurar nan iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Hamada, mafi yawanta daga wani busasshen kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi. Mu dai wahalarta muka sani. Amma ga mai ɗaukar hoto hazon nan alheri ne, domin yana rage kaifin rana. A watan Afrilu in ka ɗauki mahayi da tsakar rana, rawani sai ya jefa masa inuwa, fuska ta yi baƙi ƙirin, farar riga kuma ta ƙone da haske. Cikin hazo kuwa, musamman da hantsi ko bayan la'asar, ja da kore da ruwan ɗorawa na kayan doki sukan fito sarai, bayan mahayin kuma ya lulluɓe da fari kamar an rataya masa labule.

Kun kuwa san Sallah tana dawowa cikin hunturu? Kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. Ƙaramar Sallar 2025 a ƙarshen Maris ta zo, zuwa 2030 kuwa a farkon Fabrairu za a yi ta, in Allah ya kai mu. Rabon da a yi ƙaramar Sallah a tsakiyar sanyi tun wajen shekarar 2000, ba a ma haifi ko ɗayanmu ba. Ƙannenmu na aji ɗaya su za su ga wannan hawa, ya kamata su tarar hannunsu ya faɗa. Abin ba ya samuwa rana ɗaya. Sai an koyi tsayawa rana tana bayanka, a koyi bin doki da kyamara yana sukuwa ba tare da hannu ya yi rawa ba, a koyi hure ƙura daga gilashi kafin a goge da tattausan ƙyalle, don in ka goge da bakin riga yashi zai karce shi. Sai kuma a koyi tsayawa nesa da bayan doki, wanda shi ne darasin da ba a so a koya da jiki.

Yanzu sai in juyo gare ku, iyayenmu, don na san inda hankalinku yake. Za ku ce doka ta hana waya a makaranta. Ba mu nemi a karya ta ba. Kyamara guda ta isa, ta zauna a ofishin malamin da zai kula da ƙungiya, a sa hannu a karɓa, a sa hannu a mayar. Za ku ce hanya ba lafiya, wannan kuwa ita ce magana mai nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Kada a fita da kowa zuwa daji ko ƙauye. Cikin zango a tsaya a cikin garin Ƙaura, inda ga fada, ga dukawa, ga tashar jirgin ƙasa wadda layin dogo ya iso a 1929, aka yi ta kwasar gyaɗa da auduga ta nan, da yawanmu kuwa ba mu taɓa ganin jirgi ya tsaya a cikinta ba. In an yi hutu, ɗan Zurmi ya ɗauki na Zurmi, ɗan Shinkafi ya ɗauki na Shinkafi, da wayar gidansu, a unguwarsu. Kada a ɗauki kowa sai da izninsa, balle matan aure. Kada a ɗauki jami'an tsaro. Kada kuma a sa hoton dukiyar wani a Facebook, don a zamanin nan hakan yana iya jawo wa mutum baƙin da bai gayyata ba.

Wani malami ya ce mini, wannan aikin gidan tarihi ne, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Na ce, "Malam, ai gidan tarihin ma, irin na Waziri Junaidu da ke Sakkwato ko Arewa House da ke Kaduna, abin da mutane suka tara suka kai masa shi yake ajiyewa." Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kowane zango a zaɓi hotuna goma mafi kyau a wanke su a takarda, a rubuta a bayan kowanne ranar da aka ɗauka, da garin, da sarautar mahayin, da launin dokin, a liƙa a babban littafi a ajiye a laburare. Kuɗin wankin bai kai na ƙwallon da muke fasawa a zango guda ba.

Ina roƙon Shugaban Makaranta ya gabatar da wannan magana a taron Ƙungiyar Iyaye da Malamai mai zuwa. Duk ɗalibin da ke da sha'awa kuma, akwai takarda a allon sanarwa kusa da ɗakin cin abinci, ya rubuta sunansa da ajinsa da garinsu kafin ranar Juma'a.