Kada Mu Sare Inuwar Da Muke Hutawa

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, Gusau ta cika ta batse, hankalin jama'a kuwa kullum a tashe yake. Iyayenmu sun san maganin wannan. Bayan aiki mutum yakan zauna gindin tsamiya, ya yi shiru, ya saurari kukan tsuntsaye har zuciyarsa ta kwanta. Ko mikiyar dutsen Kwatarkwashi takan sauka ta huta.

Abin takaici, daga Tsafe har Bungudu wannan inuwa muke sarewa don itacen girki da gawayi. Muna kira ga kowane magidanci da ya dasa itace ɗaya a daminar bana, ya kula da shi. In muka sare duka, ina jikokinmu za su zauna su natsu?